Iyaka da Rabon Lafiya: Tarihin Neman Magani Tsakanin Jibiya da Maraɗi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a tashar motar Jibiya ya kasa kunne, zai lura da wani ɗan saɓani a bakin matafiya. Mutumin Katsina in ya ce zai ga likita, mutum yake nufi, mai farar riga da abin sauraron ƙirji. Mutuniyar Ɗan Isa ko Madarumfa kuwa in ta ce za ta kai yaro likita, wuri take nufi, watau abin da mu muke kira asibiti, shi mai ba da maganin kuma lokotoro ne a wurinta. Kalmomin nan uku duka baƙi ne, biyu daga Ingilishi, ɗaya daga Faransanci, kuma kowace ta shigo ne da tata hukuma da nata tsarin.

Wannan saɓani na kalmomi shi ya fara jawo hankalina ga tambayar da wannan maƙala take son ta bi diddiginta: wa yake samun magani a wannan yanki, wa kuma yake rasawa, kuma tun yaushe? An daɗe ana amsa tambayar da kalma ɗaya, wai jahilci, ko kuwa al'ada. Ana cewa matan Hausawa ba sa son haihuwa a asibiti, Fulani ba sa son allura, talakawa ba su san abincin da ya kamata su ba 'ya'yansu ba. To, iyakar Jibiya wuri ne da ya dace a gwada wannan magana, domin mutanen da ke hagu da dama da ita harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, tuwonsu da furarsu ɗaya, suna kuma auren juna. In al'ada ce kaɗai take kashe mata da yara, ai da sai a ga mutuwar ta zo daidai a ɓangarorin biyu a kowane zamani. Tarihi bai nuna haka ba.

Ƙasa ɗaya, hukuma biyu

Rabuwar Katsina da Maraɗi ta girmi zuwan Turawa. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina wajen shekarar 1807, aka ba Malam Ummarun Dallaje tuta, sarakunan Haɓe sun yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mazauninsa a Maraɗi wajen 1819, yana ci gaba da amsa sunan Sarkin Katsina. Kusan ƙarni ɗaya aka yi ana kai wa juna hari, musamman zamanin Ɗan Baskore, ƙasar da ke tsakani kuwa ta zama dajin da ba mai kwana cikinsa da ido biyu rufe. Da Ingila da Faransa suka zo rabon ƙasa, sai suka yi ta ja-in-ja a kan takarda, daga yarjejeniyar 1890 zuwa ta 1898, da ta 1904, da ta 1906. Faransawa suna neman hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram, saboda haka aka sakar musu Maraɗi. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamu. Iyakar da take tsakanin Magamar Jibiya da Ɗan Isa a yau, aikinsu ce.

Ruwa dai bai san da wannan aiki ba. Gulbin da ya ratsa Jibiya, wanda aka datse aka yi madatsar ruwa a kansa, shi ne yake shiga Nijar ya bi ta Madarumfa da Maraɗi, sa'an nan ya karkato ya komo Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. A cikin watan Yuli na 2018, da ambaliya ta afka wa garin Jibiya cikin dare ta kashe mutum fiye da 40, a cikin ƙasar Nijar aka tsinci gawawwakin waɗansu daga cikinsu. Haka cuta take. Sanƙarau da ƙyanda da amai da gudawa ba su taɓa tsayawa a shingen kwastan ko na duwan ba. Annobar sanƙarau da ta addabi Nijar a 1995 ita ce ta game arewacin Nijeriya a 1996, inda aka ƙidaya masu cutar fiye da 100,000, mamata kuma fiye da 11,000. Abin da yake tsayawa a shinge shi ne magani, da kuɗin sayensa, da ma'aikacin da zai ba da shi.

Maganin Turawa, don wa?

Asibitocin farko da Ingilishi suka gina a Arewa na kansu ne da sojojinsu da ma'aikatansu. Sai a ƙarshen shekarun 1920 aka fara ganin asibitocin En'e a manyan birane, da ɗakunan shan magani a waɗansu hedikwatocin gundumomi, ana biyansu daga baitulmali. 'Yan mishan, waɗanda su ne suka cika Kudu da asibitoci da makarantu, an daɗe ana taka musu birki a ƙasashen sarakunan Musulmi. Wannan ya kare wani abu da kakanninmu suke ganin ya fi kome daraja, amma hukumar da ta hana su ba ta kawo madadin da ya kai nasu yawa ba, kuma ratar da aka samu tsakanin Kudu da Arewa wajen yawan likitoci da ungozomomin asibiti daga nan ta samo tushe. Faransawa kuwa sun kafa hukumar taimakon magani ga 'yan ƙasa tun 1905, suka buɗe makarantar likitoci a Dakar a 1918, amma Nijar ita ce 'yar bora a cikin mallakarsu: nesa da teku, ba ta kawo riba. Abin da suka fi ƙwarewa a kai shi ne ayarin ma'aikata masu yawo ƙauye ƙauye suna duba mutane suna yi musu allura, sau da yawa da ɗan sanda a gefe. Mutanen da suke gudun aikin tilas da haraji mai nauyi, har zuwa lokacin da aka soke aikin tilas a 1946, kudu suke yowa, su ƙetaro ƙasar Katsina.

Akwai wani abin lura a nan wanda ya shafi makiyaya. An kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, kuma tun daga waɗannan shekaru ake tara shanu ana yi musu rigakafin bushiya. A 1962 aka ƙaddamar da babban gangamin haɗin guiwa na yaƙi da bushiya, wanda ya haɗa Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Dalili a fili yake: saniya tana biyan jangali, fatarta da namanta kuma suna shiga kasuwa. In aka ɗebe lambar agana, ɗan makiyayi bai ga wani tsayayyen shiri na rigakafi ba sai da aka fara gangamin agana da ƙyanda a 1967, shirin rigakafin yara na bai-ɗaya kuwa sai ƙarshen shekarun 1970. Watau hukuma ta san hanyar ruga tun tuni, malamin dabbobi da mai karɓar jangali ba su taɓa ɓata ba. Masu binciken da suka yi aiki cikin makiyayan ƙasar Chadi wajen shekarar 2000 sun tarar da shanu masu cikakkiyar allura a rugagen da babu yaro ko ɗaya mai cikakkiyar allura. Da suka haɗa malamin dabbobi da na mutane a mota ɗaya, iyaye suka fito da 'ya'yansu. Ashe ba allurar ake ƙi ba.

Kutare da masu yoyon fitsari

In mutum ya tashi daga Jibiya ya yi kudu maso gabas, zai iske Babbar Ruga a gefen birnin Katsina. In ya yi arewa, kafin ya shiga Maraɗi zai wuce Danja. Wuraren nan biyu tarihinsu ya yi kama ƙwarai, har abin ya ba da mamaki. Dukansu mazaunin kutare ne tun asali. Ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi kula da na Katsina a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da sarakuna suka yarda a bar 'yan mishan su yi wannan aiki da ba mai so, ta kuma kafa na Danja a tsakiyar shekarun 1950. Da magungunan zamani suka karya lagon kuturta, gadaje suka fara zama babu kowa, sai waɗansu marasa lafiya suka gaje su, waɗanda su ma jama'a take toshe hanci in sun wuce: mata masu yoyon fitsari. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo Babbar Ruga a 1983 don aikin kuturta, ya tarar da waɗannan mata, ya koma yi musu ɗinki, har ya yi wa fiye da 20,000 aiki a Katsina da Kano da sauran cibiyoyi, ciki har da na Nijar, ya kuma koyar da likitoci masu yawa. Yau Babbar Ruga cibiyar tarayya ce ta wannan cuta. A Danja ma an buɗe asibitin yoyon fitsari a 2012.

Ban ɗauki wannan gado a matsayin katari ba. Gari yakan ware wuri a bayansa don waɗanda ba ya son gani, in waɗancan suka ƙare sai ya aika da waɗansu.

Yoyon fitsari ba cuta ce mai ƙwayar da ake ɗauka ba. Rauni ne. In naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu ko uku, kan jariri ya tokare a ƙugu, sai ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji har jini ya daina isa wurin, naman ya mutu ya zube, a bar rami. Galibi jaririn ma ba ya rayuwa. Fiɗa a kan lokaci ita ce take hana wannan, shi ya sa cutar ta ɓace a Turai da Amurka tun farkon ƙarni na 20. Binciken da Dokta Tahzib ya buga a 1983 a kan mata 1,443 da aka duba a asibitin koyarwa na Zariya ya nuna kashi 83 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuwa yankan gishiri. Mai son ɗora wa al'ada laifi zai kama kashi 13 ɗin nan ya riƙe, kuma yana da gaskiyarsa, domin askar wanzami ko ta ungozoma ta lalata rayuwar mata da yawa. Amma kashi 83 fa?

A nan ne ya kamata a tsaya a kan aikin Farfesa Kelsey Harrison, wanda ya bi bayanan haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Ya tarar cewa matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su ranga-ranga, suna mutuwa ninki da yawa fiye da masu zuwa awo. Mafi yawan waɗannan mata Hausawa da Fulani ne na karkara, 'yan ƙananan shekaru ko masu haihuwa da yawa, saboda haka da sauƙi a ce ƙabila ce ko addini. Sai dai da ya ware waɗanda suka yi makaranta, sai ya ga bambancin ya ragu ƙwarai ko wace ƙabila ce mace, ko wane addini take bi. Abin da ya kama ke nan har ƙarshen aikinsa, cewa ilmin 'ya mace da halin zaman gidansu su ne suke yanke hukunci tun kafin naƙuda ta fara. Wannan bincike yana cikin abubuwan da suka kai ga taron Nairobi na 1987 a kan kare rayukan masu haihuwa.

Ba ina wanke al'ada ba ne. Kunya tana sa yarinya mai cikin fari ta danne nishi har gari ya waye, don kada a ce ba ta da jimiri. Aikin ungozomar gargajiya, kamar yadda muka sani, yanke cibi ne da wanka da binne mabiyiya, ba ta da abin yi in ɗa ya gicciye. Matar da mijinta ya tafi cin rani takan jira izinin da babu mai ba da shi. Likitocin Zariya, Davidson da Parry, sun nuna tun shekarun 1970 yadda kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta suke taimakawa wajen kumburi da ciwon zuciya ga masu jego. Duk wannan gaskiya ne, kuma mu masu nazarin al'ada ba mu kyauta ba in muka ɓoye shi don kishin harshe. Amma masana sun kasa jinkirin da yake kashe mai naƙuda kashi uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farko ne kaɗai yake cikin gida. Shi ɗin ma, in aka duba da kyau, rabinsa lissafi ne: maigidan da ya san sai ya sayar da akuya kafin ya ɗauki shatar mota, ya kuma san in an isa za a miƙo masa takardar sayen safar hannu da ruwan ƙari da jini, dole ya yi ta fatan abin zai zo da sauƙi zuwa asuba. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 16 cikin 100 kaɗai na haihuwa a Arewa maso Yamma ake yi a asibiti, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 39 ne.

Yunwa a bakin rumbu

Hausawa sukan raɗa wa yunwa suna, kuma sunayen kan faɗi abin da littattafan hukuma suka yi shiru a kai. Ta 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Kaita, maƙwabciyar Jibiya, ya nuna cewa ƙarancin ruwan sama kaɗai bai isa ya bayyana irin waɗannan masifu ba, sai an haɗa da haraji na kuɗi da noman gyaɗa da bashi, waɗanda suka kwashe abin da manomi yake ajiyewa don baƙar shekara. Ta 1984 zuwa 1985 kuwa mutanen Nijar suka sa mata El-Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakokin Nijeriya da gwamnatin soja ta yi daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, hatsin da aka saba shigarwa ta irin su Jibiya ya yanke. Ban san wata shaida da ta fi wannan suna nuna yadda talaka ya fahimci dangantakar shinge da tukunya ba.

A 2005 abin ya zo ta wata fuska. Iyaka a buɗe take, sai dai farashi ya fi tsada a kasuwannin Nijeriya, saboda haka hatsi ya yi ta gangarowa kudu zuwa Jibiya da Dawanau, buhun gero ya kai wajen jaka 30 ta sefa a waɗansu kasuwannin Nijar a tsakiyar damina. Abin da ya ɗaure wa baƙi kai shi ne, cibiyar masifar ba hamada ba ce, jihar Maraɗi ce, rumbun ƙasar, garin Alhazai masu fataucin hatsi. Kasuwa cike da gero, yara suna mutuwa da tamowa. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ake yi wa laƙabi da Na-gari Na-kowa, ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu matsananciyar tamowa a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a Maraɗi, da taimakon wani haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai, mai suna Plumpy'nut, wanda uwa za ta iya ba ɗanta a gida. Shugaba Tandja Mamadou ya musa cewa akwai yunwa, a 2008 kuma gwamnatinsa ta dakatar da reshen Faransa na ƙungiyar daga aiki a Maraɗi.

A lokacin an yi ta zargin iyaye mata, wai ba su iya yaye ba, wai suna hana yara ƙwai. Barbara Cooper, wadda ta daɗe tana nazarin tarihin matan Maraɗi, ta yi raddi mai ƙarfi ga wannan zance na muguwar uwa. Masu binciken filaye kuma sun nuna wani abu da ya fi zancen ƙwai nauyi. A da mace tana da 'yar gonarta, wadda mu muke kira gayauna, su kuma can suke cewa gamana, abin da ta noma nata ne, da shi take cike giɓin cefane in rumbun maigida ya yi ƙasa. Da jama'a ta yi yawa a kudancin Maraɗi, gonaki suka tsuke, sai wannan 'yar gona ta zama abin da ake fara janyewa, wani lokaci a kira janyewar da sunan kulle, a gidajen da kakanninsu mata ba su taɓa sanin kulle ba. Uwar da ba ta da damin gero nata, ba ta da akuya, ko an koya mata darasin abinci mai gina jiki sau goma, a kunne zai tsaya.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi muhimmanci ga tambayarmu. Gwamnatin nan dai da ta musa yunwa, ita ce ta gina ƙananan ɗakunan magani wajen 2,000 a ƙauyuka tun daga 2001, ta kuma yi doka a 2005 da 2006 cewa fiɗar haihuwa da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijar ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, saboda wannan tsari da gidan sauro da maganin tamowa. Ba a daina auren wuri ba a waɗannan shekaru, ba a rage haihuwa ba. Ƙididdigar 2012 ta ba macen jihar Maraɗi haihuwa fiye da 8, ta 2018 kuma ta ba macen jihar Katsina 7.3, mafi yawa a Nijeriya. Amma a wannan ƙididdiga ta 2018 mutuwar yara a Arewa maso Yammacin Nijeriya 187 ce cikin 1,000, ta Kudu maso Yamma 62. In aka kasa gidajen ƙasar biyar bisa wadata, kashin ƙasa 173, kashin sama 53. Gwada ƙasa guda da yanki guda ba daidai-wa-daida ba ne, kuma tsarin kyauta na Nijar ya sha tangal-tangal, domin gwamnati takan yi shekaru ba ta biya ɗakunan magani bashinsu ba, magani ya yanke. Duk da haka, ƙasar da ake lissafa ta cikin mafi talauci a duniya ta rage mutuwar 'ya'yanta da kusan rabi cikin shekara 11, maƙwabciyarta mai arzikin man fetur kuwa ta bar lafiya matakin farko a hannun ƙananan hukumomi marasa kuɗi tun ƙarshen shekarun 1980.

Sai hanya ta juya. A zamanin arzikin mai, daga Maraɗi ake zuwa Katsina da Kano da Zariya neman babban likita, har yanzu ma mai hali yana yin haka. Amma uwa matalauciya mai ɗa mai tamowa daga ƙauyukan Jibiya, arewa ta koma yi, zuwa Ɗan Isa da Madarumfa, inda ba za a tambaye ta kuɗi ba. Yawan yaran Nijeriya da ake kwantarwa a can yana cikin dalilan da suka sa MSF ta buɗe cibiyoyi a jihar Katsina a 2021, har da ƙaramar hukumar Jibiya.

Shinge a kan shinge

Shekarun baya-bayan nan sun tara wa mutanen wannan yanki shinge iri iri. 'Yan bindiga da suka yi sansani a dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara sun tashi ƙauyuka, sun hana noma, ma'aikatan lafiya da yawa sun janye zuwa gari. Daga 2019 dubun dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetara jihar Maraɗi gudun hijira, mafi yawansu mata da yara, aka zaunar da waɗansu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Chadakori. Gwamnatin tarayya ta rufe iyakoki a Agustan 2019, ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ba a kuma buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da kasuwannin dabbobi, aka kuma katse layukan waya na watanni. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyakar har zuwa Maris na 2024. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana da hujjarsa ta tsaro ko ta siyasa, ba kuma wurin tantance su ba ne nan. Amma mai karatu ya auna su da ma'aunin jinkiri na biyu da muka ambata: mace tana naƙuda da tsakar dare, babu waya da za a kira direba, man babur ya ninka kuɗi, hanya ba ta biyuwa sai rana ta fito. Babbar mota mai kaya takan san yadda za ta yi da shinge. Mai goyo ce take zagayawa ta gona.

Rikicin ya kuma maido da maganar ƙabila da kaifin da ba ta da shi a da. Manoma Hausawa su ne suka fi yawa cikin waɗanda aka kashe, aka sace, aka kora. Amma makiyayin da bai taɓa riƙe bindiga ba shi ma an sace shanunsa, sa'an nan ya wayi gari kamanninsa sun zama laifi a idon 'yan sa-kai. Bafulatanar da take kawo nono kasuwa a da, ta biya ta ɗakin magani da ɗanta a kan hanyar komawa, in shiga gari ya zama kasada gare ta, to an yanke ta daga allura da awo gaba ɗaya, kuma ba za ta fito a cikin kowace ƙididdiga ba, domin masu ƙidaya ma ba sa isa inda take. Buzayen da farin 1973 da na 1984 suka koro kudu, waɗanda jikokinsu suke gadi da ƙananan sana'o'i a garuruwanmu, su kuma matsalarsu takarda ce: duk shirin taimako da aka ɗaure da katin shaida yana tsallake wanda aka haifa a bukka, ko a wane gefen alamar Tilho aka haife shi.

A cikin watan Yuli na 2025, daidai lokacin da manyan ƙasashe masu ba da agaji suka zabtare kuɗinsu, MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, daga cikin kusan 70,000 da ta karɓa. Ma'aikatan sun kuma yi wani abu da ba a saba yi ba. Maimakon su tsaya ga auna dantsen yaran, sai suka auna na iyaye mata 750 da suka kawo su. Fiye da rabinsu su ma suna da tamowa, kashi 13 cikin 100 kuwa tasu mai tsanani ce.